Gyaran da Aka Yi wa Hauwa

Daren Laraba, watan Sha'aban, Birnin Kudu.

Yau na kai 'yata Hauwa wurin likita a Kano, don har yanzu ba ta tafiya. Tsorona kada a ce jinina ne da aibi.

Ya ce akwai ƙananan zarurruka a jikin mutum, kuromosom. Na wani kan gutsure, na wani su sauya wuri. Na Hauwa ɗaya ne ya ƙaru. Ba laifin kowa ba ne, kuma babu magani.

Tun ina saurayi nake auna dawa a kasuwar Gwaram, wanda nake so shi nake ƙara wa gyara. Na gaya wa uwarta haka Allah ya yi wa Hauwa.

"Alhaji, kai da awo!" ta ce, tana dariya tana share hawaye.