Ko Kifi Na Shiga Ɗakin Mama?

Honolulu, ranar Litinin

Corinne masoyiyata,

Gaisuwa mai yawa da kewa mai yawa. Ina fata kina lafiya, ke da abokan aikinki, a duk inda jirginku yake a ƙarƙashin teku. Yaya ciwon wuyan nan? Na san gadon sojan ruwa ba ya tausayin kowa.

Mun iso lafiya. Hutun da muka tsara mu huɗu ga shi muna yinsa mu uku, kujerarki a jirgin sama jakar Lulu ce ta zauna a kai. Ansel ya ƙone da rana tun ranar farko, don ya ce ɗan shekara tara ba ya shafa man kariyar rana. Lulu kuwa ta sha ƙanƙara mai zaƙi har harshenta ya koma shuɗi, tana bin mutane tana nuna musu.

Ansel ya ga hoton jirgin nan mai nutsewa da ke kai 'yan yawon buɗe ido ƙasan teku, ya tasa ni gaba. "Baba, kai kaɗai ne a gidanmu mai tsoron ruwa," in ji shi, a gaban mai ba da makullin ɗaki a otal. Ban manta abin da kika ce ba ranar da kike haɗa kaya: Ansel ya je, amma ban da Lulu, shekara huɗu ta yi kaɗan. Kada ki damu. Akwai tsawon da yaro zai kai kafin a bar shi ya shiga, na tabbata gajeruwarki ba za ta kai ba.

Yara na gaishe ki. Naki har kullum,
Wendell

Honolulu, ranar Alhamis

Corinne tawa,

Ina gaisuwa, ina fata kina cikin ƙoshin lafiya. Mu ma lafiya ƙalau.

Mun shiga jirgin. Ansel ya ga kunkurun ruwa har biyu, bakinsa bai rufu ba tun jiya, ya ce idan ya girma shi zai riƙa ba ki umarni. Lulu ta ɗan gaji, ba ta cika surutu ba. Ina jin rana ce. Jibi za mu koma gida.

Ki kula min da kanki.
Wendell

Silverdale, ranar Lahadi

Corinne,

Ina gaishe ki, ina roƙon Allah ya sa lafiyarki ƙalau. Wannan wasiƙar da hannu nake rubuta ta, kuma ba zan aika ba. Kin san yadda abin yake: duk saƙon da zai je jirginku sai wani jami'i ya karanta, kuma tun a taron iyalai an ja mana kunne cewa labari mai daɗi kawai ake aika wa wanda ke ƙarƙashin ruwa. Na bi doka ranar Alhamis, na rubuta miki rabin gaskiya. Ga sauran, zan miƙa miki ranar da kika sauka.

Na shiga da Lulu.

Da muka je wurin awo, ta tsaya jikin sandar awon, saura kamar faɗin yatsa biyu kanta ya kai alamar. Ta fara taɓe baki. Ansel ya ce, "Shi ke nan, 'yar tsito ta ɓata mana tafiya." Maimakon in tsawata masa, sai na ja ta gefe na canza mata silifa da takalmin nan mai tudu, na tattara gashinta na ɗaure a tsakiyar ka. Da aka sake awo ta wuce. Har wani alfahari na ji, wai ni mai dabara.

A kwale-kwalen da ke kai mutane wurin jirgin, ta ga 'yar ƙofar da ake shiga ta saman jirgin da tsanin da ke sauka cikin duhu, ta ƙanƙame ƙafata ta ce ita ta fasa. Mutane na layi a bayanmu. Don in lallashe ta, na durƙusa na ce, "Zo mana, Lulu, za mu je inda Mama take." Bakina ne ya faɗa, Corinne. Ta sake ni nan take, ta sauka tsanin da kanta, ko hannuna ba ta nema ba.

Da farko komai daidai. Ta manna goshi a taga tana ɗaga wa kifaye hannu, tana tambayarsu ko sun gan ki. Muna ƙara nutsewa haske na raguwa, jar rigar da kika saya mata ta koma kamar toka, ta dube ta ta dube ni. Na ce ruwa ne ke shanye launi, idan mun hau zai dawo.

Sai muka iso wurin wani tsohon jirgin ruwa da ke kwance a ƙasa. Da gangan aka nutsar da shi don kifaye su sami gida, mai yi mana bayani ya faɗa, amma wane yaro ne ke sauraron lasifika? Tsatsa ta cinye shi, tagoginsa a buɗe, kifaye na shiga suna fita. Mutumin ya yi barkwancinsa na kullum, ya ce, "Wannan ya sauko bai koma ba, amma ku kwantar da hankalinku, mu yawanci mukan koma." Kowa ya yi dariya, har da ni. Ina ta ɗaukar Ansel hoto. Da na waiwaya, Lulu ta sauke hannunta daga tagar, ta zauna ta yi tsit. Na ɗauka jiri ne, na ba ta alewa.

Ba ta yi kuka ba, shi ya sa ban gane ba. Ta daina tambayar saura kwana nawa ki dawo. Zanen da take yi miki kowace safiya ta bari. Da muka dawo gida na tara mata ruwan wanka, ta kwashe kwale-kwalen robanta duka ta jera a kan tabarmar ƙofa, ta ce kada ko ɗaya ya taɓa ruwa.

Ansel ne ya faɗa min jiya muna wanke kwanuka. Ya ce, "Baba, kai fa wani lokaci ba ka da kai. Lulu ta ce jirgin Mama ne wancan. Kai ka ce mata can za mu." Kofin da ke hannuna ban san lokacin da na ajiye shi ba.

Na zaunar da ita na yi bayani iya iyawata. Na nuna mata hoton jirginku, na ce naki baƙi ne dogo, yana da fitilu da kicin, har da injin askirim. Ta saurare ni har ƙarshe, sannan ta ce, "Ka ce za mu ga Mama. Ba mu gan ta ba." Na ce na yi kuskure. Ta ce, "To yanzu ma ko kuskure kake yi?" 

Kunya ta ishe ni, Corinne. Kin bar min amana biyu da gargaɗi ɗaya tak, na take shi don kada a ce na hana yara jin daɗi, don kuma layi na jira. Yanzu 'yarmu na yawo a gida da makokinki a ciki, kuma maganata ba ta da nauyi a wurinta. Taki kawai za ta yarda da ita. Na tambaye ta me take so in tambaye ki, ta yi tunani ta faɗa min abu ɗaya. Shi zan aika gobe, yadda zai wuce hannun mai karantawa.

Ki yafe min, in kin iya.
Mijinki,
Wendell

Silverdale, ranar Litinin

Corinne masoyiyata,

Gaisuwa da fatan alheri. Ina fata kina lafiya, wuyan ma ya yi sauƙi. Mun dawo gida, ana ta ruwan sama kamar kullum, Ansel ya koma makaranta yana ta ɓare fatar hancinsa.

Lulu na da tambaya. Ta ce: ko kifi na shiga ɗakinki?

Na san wanda zai karanta wannan kafin ke zai yi murmushi. Amma don Allah, ranar da aka ba ku damar aiko da saƙo, ki fara amsa wannan kafin komai, da sunanta a sama. Ni nawa saƙon zai iya jira.

Muna nan muna sauraro.
Wendell