Hoton Gada a Aljihun Baba

Zuwa ga yayana Isuhu, a Aljeriya.

Assalamu alaikum. Ina gajiya, ina aiki? Ya maiɗakinka da yara? Mu nan sai haƙuri.

Yaya, Baba ya rasu ran Talata. Ruwa ya cinye 'yar gadar ƙoramarmu. Da jikinsa ya tsananta muka kai shi bakin ruwa a amalanke, muna hangen motar da za ta kai shi asibitin Keita a ƙetare, har rai ya yi halinsa.

Hoton gadar da kuke ginawa a can, mai igiyoyin ƙarfe, na cikin aljihunsa. Kullum sai na maimaita masa bayaninka: kuna ɗaga gadar ku sa mata roba a ƙarƙashi, don in ƙasa ta girgiza ta yi lilo, kada ta karye. Yakan yi dariya ya ce, "Ni na ƙare ƙarfina wajen jera duwatsu don ƙasa ta tsaya, ɗana kuwa gada yake koya wa rawa." A bakin ƙoramar ya ce, "Da Isuhu na nan..." bai ƙarasa ba.

Ka sa shi a addu'a, ka gaida mutanenmu na can. Inna ba ta ce ka dawo ba, amma kullum sai ta share ɗakinka.

Ƙanwarka, Hadiza.