Gaisuwar Kaka Bayan Kwana Arba'in

Yaya Zuhur,

Assalamu alaikum. Ya mutanen Risani, ya ƙafar Baba? Ni lafiya lau, tarin ma da sauƙi, muna ta tsinkar tumatir a nan Sifen.

Jiya bayan sallar Juma'a wani ɗan garinmu ya riƙe hannuna ya ce, "Mubarak, ya haƙuri? Allah ya jiƙan Kaka Rakiya." Na yi dariya, na ce ai shekaranjiya ta gaishe ni. Ya ce har an yi sadakar arba'in.

Na san kun ɓoye min ne don kada in taho ba ni da takardun komawa. Ban yi fushi ba. Ko na yi? Wallahi ban sani ba. Matar da ta shekara casa'in da carbin ƙwallon dabino a hannu, ba a taɓa jin ƙarya a bakinta ba, ga shi kun yi ƙarya da sunanta.

Kowane saƙonki yana ƙarewa da, "Kaka ta ce ka sa rigar sanyi, kada ka makara sallar asuba." Ina sawa, ina kuma tashi.

Allah ya haskaka kabarinta. Ki ajiye min carbin. Sannan don Allah ki duba min saƙonnin nan: wanne ne na ƙarshe da ta faɗa da bakinta?

Ƙaninki,
Mubarak