Aljihun da Na Ɗinka wa Yaya Yusha'u

Litinin, 7 ga Oktoba, 2024

Yau da safe Yaya Yusha'u, mijin yayata Bara'atu, ya zo gaida Inna. Ya cire takalmi tun daga zaure, ya durƙusa a ƙofar ɗakinta kamar yadda ya saba, kai a ƙasa. Sai na ji ƙwal a kan siminti. Bindiga ce ta faɗo daga ƙugunsa. 'Yar mitsitsiya, ƙirar gida, bakinta kamar guntun bututun famfo, an naɗe mariƙin da baƙin salatif. Ya yi wuf ya rufe ta da gefen riga, ya ci gaba da "an tashi lafiya, Inna?" Idon Inna ba ya gani sosai, ta ɗauka makulli ne. Ni ina bakin rijiya ina asuwaki. 

Mutumin da in zai yanka kaza sai ya kau da kai.

Talata, 8 ga Oktoba

Ya same ni a shago a Hayin Banki da farar shaddarsa, wai in yi masa aljihun ɓoye ta ciki. Tun da aka ɗauke Ashiru, abokin sayen masararsa, a hanyar ƙauyukan bayan Rigachikun, ya ce barci ya gagare shi. Bindigar, wani ne a tasha ya sayar masa da ita da araha, ya rantse masa ba ta taɓa ba da kunya ba. Na ce ita ta gaya maka? Masu tare hanya da manyan bindigogi suke zuwa, kai kuma da wannan abin sosa kunne. In 'yan sanda suka kama ka da ita, gidan yari ne. Ya ce, "Ɗanjuma, ɗinki na kawo maka, ba wa'azi ba."

Na ɗinka. Ko ba komai ba za ta sake faɗowa gaban Inna ba. Amma ko hanya ta ci shi, ko wannan ƙarfen ya ci shi, Yaya Bara'atu ce za ta yi takaba. Ita kuwa ba ta ma san da zancen ba.

Alhamis, 10 ga Oktoba

Tafiyarsa ta canza. A karkace, kamar mai maruru, hannu kullum a kan kwiɓi. Malam Abdullahi mai shayi ya tambaye shi ko basir ne ya taso. Wannan shi ne ɓoyon.

Lahadi, 13 ga Oktoba

Ya ja ni wata gona can nesa da gari, wai in gani da idona in daina raina masa abu. Ya kafa gwangwani a kan kututture. Ya runtse ido, ya danna. Ƙit. Ya sake. Ƙit. Ya ce sanyin damina ne bai sake ta ba. Har zai juyo bakin ya leƙa ciki, na buge hannunsa. A na uku ta tashi, hayaƙi kamar an ƙona taya, ya yar da ita ya dafe kunne. Gwangwani yana zaune lafiya lau. Harsashin, Allah kaɗai ya san garin da ya sauka.

A hanya ya ce, "Ka dai ji ƙararta." Na ce na ji. Sai ka roƙi ɓarayin su dakata ka gwada sau uku.

Laraba, 16 ga Oktoba

Wai tsatsa ce ke hana ta aiki, ya shafe ta da man gyada. Cinnaku suka ji ƙanshi suka tare a aljihu. Muna sallar azahar yana ta mutsu-mutsu a sahu. Shaddar kuma ta yi taswirar mai a gefe. Ɗinkina mai kyau.

Juma'a, 18 ga Oktoba



Sun zo da safe shi da Bara'atu da 'yarsu Husaina. Bara'atu ta zauna a tabarma kusa da randa tana taya Inna gyaran zogale, yarinyar a cinyarta. Shi kuma ya zo ƙofar ɗaki ya durƙusa. Gaban suruka ai ba a yin rabin durƙuso, sai da ya kai ƙasa sosai, cinya ta danne aljihu.

Daram!

Randa ta dare, ruwa ya malale kan tabarma. Tsakanin randar da kafaɗar Bara'atu bai kai kamu ɗaya ba. Abin da aka roƙa sau uku a gona, yau ba wanda ya ce masa sannu.

Husaina ta ƙwalla ƙara. Shi yana nan a durƙushe, gefen riga na hayaƙi, ya kasa tashi. Jummai maƙwabciyarmu ta leƙo ta katanga tana salati. Inna ta ce mata tayar babur ce ta fashe. Babur a tsakar gida, gaban randa. Jummai ta dubi rigar, ta ce Allah ya kyauta, ta sauka.

Sannan Inna ta ce, ba ta ko juyo ba, "Baban Husaina, 'yar tawa aro na ba ka." Shi ke nan abin da ta faɗa.

Asabar, 19 ga Oktoba

Na duba ɗinkin aljihun. Ba laifin ɗinkin ba ne. Na ƙara dubawa.

Talata, 22 ga Oktoba

Yau ranar shiga ƙauye ce. Da sassafe ya zo, ya miƙa mini shaddar ya ce in toshe aljihun. Daga nan ya wuce bayan gida da abin a ƙunshe cikin leda, muka ji tsulum a masai. Wurin da ya dace da ita tun farko.

Na zaci zai ce ya bar sayen masara. Bai ce ba. Da me zai ciyar da su? Ya durƙusa ya yi wa Inna sallama, ya tashi, hannunsa ya kai kan kwiɓi ya shafa wayam.  Ya sa takalmi a hagunce, ya gyara, ya kama hanyar tasha. Hanyar da aka ɗauki Ashiru, hannu biyu ba komai.

Matsoraci ne, ban janye ba. Sai dai na rufe shago na bi shi. Ɗinki ya yi ƙasa kwanan nan, kuma ai dole a samu wanda zai riƙe masa bakin buhu. Mun dawo bayan la'asar.

In gobe ya fara cika baki a teburin shayi cewa da ma bai taɓa jin tsoro ba, ba ni kaɗai na ga takalmin nan ba. Yaya Bara'atu na tsaye a bakin zaure da Husaina a baya. Jummai ma tana kan katanga.