Ta Zame a Bakin Kogi

Zuwa ga Shugaban Kwamitin Sulhu na unguwarmu, Haɗeja.

Assalamu alaikum. Ina gaishe ka da sauran dattawan kwamiti, da fatan iyali suna lafiya.

Ranka ya daɗe, ni ne tsohon hedimastan da ya koya maka insha'i a aji biyar. Tun da na ajiye alli ba mai neman ra'ayina, na kuwa saba. Amma takardarku ta iso ni, wai ranar Laraba za ku zauna ku mayar da 'yata Hadiza ɗakin mijinta, karo na huɗu.

1. Kun rubuta "saɓani". Na ɗauki jan biro na zagaye kalmar, tsohon hali. Saɓani ba ya barin ɗinki biyar a gira. An yi wannan cikin azumi, aka sake bayan babbar salla, duk a gaban 'ya'yanta biyu.

2. A zama ukun da kuka yi, ba wanda ya tambayi halin yaran. Ummi shekararta tara. Na kai ta gonar shinkafata wajen Auyo ta taya ni korar tsuntsaye. Sauran yara suna ihu suna buga gwangwani, ita kuwa ta tsaya a gefe, ta rufe kai da hannuwa, jan-baki suna sauka kewaye da ita kamar hayaƙi. Yarinyar da a da ta fi kowa baki a ajinsu ta manta yadda ake ɗaga murya. Ƙanenta Sani, ɗan shekara shida, na same shi yana dukan akuya da igiya, yana zaginta da kalmomin ubansa, har da muryar.

3. Da na tambayi Ummi abin da ya samu uwarta, ta ce ta zame ne a bakin kogi. Ranka ya daɗe, na san wannan bakin kogin. Mahaifiyata ma a can ta riƙa zamewa. Har yau idan ruwa ya cika fadama ina ganinta cikin kwale-kwale da hantsi, tana tsinkar bado, mayafi ya rufe mata ido ɗaya, ruwan ya kwanta luf kamar ba a taɓa yin komai a duniya ba. Ina zaune a gaba ina kallon furanni don kada in dube ta. Shekara sittin ke nan, duk littattafan da na karanta ba su hana ni zabura ba idan aka buga ƙofa da ƙarfi. Kuma ni ɗin nan, sau uku ina ɗora Hadiza a babur ina mayar da ita gidan mijinta, ina cewa ta yi haƙuri. Ban cire kaina daga laifi ba.

Roƙona: ku goge "saɓani" ku rubuta "duka". Ku bar Hadiza da yaran a gidana, ku miƙa maganar gaban alƙali, kamar yadda ita ta nema tun zama na biyu. Idan kuka ƙi, wannan karon sai ku nemi wani mai babur.

Jiya a gona Ummi ta buga gwangwani sau ɗaya. Tsuntsayen ko motsi ba su yi ba, amma ta buga. Kada ku mayar da ita inda za ta ajiye shi.

Allah ya yi maka jagora, ya tsare maka 'ya'yanka mata daga bakin wannan kogi.

Wassalam.

Tsohon malaminka.