Baƙin Yatsan Doña Brígida

Alhamis, 6 ga Maris, 1884
Mama ta sake zuwa gidan Doña Brígida mai kiran matattu. Wai marigayi yayana Nicasio ya ƙwanƙwasa tebur. Nicasio da ko ƙofa bai taɓa ƙwanƙwasawa ba, sai dai ya banko ta! Na ce, "Mama, wasa ake yi da hankalinki." Ta ce, "Kai da ka koyi karatu a takardar ƙunshe kifi, ci wakenka."

Litinin, 10 ga Maris
Daga wajen aikina na naɗin taba na wuce gidan Likita Arrieta. Na gaya masa na karanta cewa a Turai ɗaure irin matan nan ake yi a gwada su. Ya yarda ya gwada Doña, amma sai da ya gyara mini sunan littafin. Jaki mai tabarau.

Alhamis, 13 ga Maris
An yi. Da rana tsaka aka rufe tagogi. Likita ya auna nauyin Doña, ya ɗaure mata hannuwa, ya liƙe ƙullin da kakin zuma. Ashe ya riga ya shafa baƙin hayaƙin fitila a ƙasan teburin. Tebur ya buga, mata suka hau kuka. Da aka buɗe taga ya ce, "Doña, a cire takalmi." Babban yatsan ƙafarta baƙi ƙirin!
Ni kaɗai na yi dariya. Mama ko kallon ƙafar ba ta yi ba.

Juma'a, 14 ga Maris
Ta ƙi cin abinci. Sai ka ce ni ne mai yatsan.

Lahadi, 16 ga Maris
Na gaji, na ce, "To ƙarya na yi?" Ta ce, "Eusebio, ka zaci ban san da yatsa take bugawa ba? Tun da ya mutu a daji cikin 'yan tawaye, wa ke faɗin sunansa a nan Matanzas? Maƙwabta tsoron soja suke yi. Kai kuwa da na soma maganarsa sai ka tashi."
Na tashi na fita. Sai da na kai titi na lura.

Alhamis, 20 ga Maris
Ban fita ba, dama kaina na ciwo. Mama na tsintar shinkafa na ce, "Da Nicasio ne, da rabi ya zube." Suɓutar baki ce kawai. Ta ajiye farantin, ta soma labarinsa tun daga ranar haihuwarsa. Shinkafa ba ta dahu ba sai la'asar.
Matar can dai maƙaryaciya ce, ban janye ba.
Kuma labarinsa da doki da Mama ta bayar ba haka aka yi ba, ni ina wurin. Dole na gyara mata.