Jinin Ayuba, Sunan Wani

Yaya Gwadabe,

Gaisuwa mai yawa. Yaya Inna take, yaya jikin Ayuba? Ina fatan kun gama yankan dawa lafiya a Maska.

Ni nan Jamus lafiya lau, abinci ne dai ba ya shiga kwana biyu.

Ka tuna jinin ɗanka Ayuba da na roƙe ku aka ɗiba? Shekara uku ina kansa, na gano abin da ke kashe masa ƙafafu. A bangon ƙwayoyin jikinmu akwai wani sinadari da ake kira furotin, mai tsince 'yan uwansa da suka lalace, kamar yadda Inna ke tsince wake. Nasa ba ya aiki, sai lalatattun su taru su ɓata jijiya.

Makon jiya malamina, mutumin da nake kira Baba, ya buga binciken a mujalla. Babu sunana. Da na tunkare shi sai ya ce, "Ai ke jini kawai kika kawo."

Kada Inna ta ji. Don Allah turo min hoton Ayuba. A takardarsu sunansa "mara lafiya na huɗu."

Allah ya ba shi lafiya. Ni kuwa Allah ya isa.

Ƙanwarka,
Najiba